Ina Tsoron Dira Cikin Kogi, Kuma Ina Jin Kunyar Noƙewa

Assalamu alaikum. Shekaruna 41. Ni da abokan aikina su shida mun shirya fita ta wuni guda a wata mai zuwa. Za a bi kwazazzabon wani kogi tare da 'yan jagora, ana dira daga kan duwatsu cikin gurbin ruwa, sannan a kwanta ruwa ya ɗauki mutum, babu kwalekwale, sai rigar ceto da hular kwano. An ce tsalle mafi tsayi mita 10 ne. Na riga na biya kuɗina. Iyona bai wuce mita 25 a wurin wanka ba, in tsaya ina haki. Kafaɗata ta dama ta taɓa gocewa shekara uku da suka wuce, kuma da tabarau nake gani. Ɗana mai shekara 12 ya nace sai ya bi ni. Gaskiya tsallen nan ya hana ni barci, amma ina jin kunyar a ce ni kaɗai na noƙe. In je ko in haƙura?

Ɗan'uwanku da ke cikin damuwa

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa.

Ka je, amma bisa sharuɗɗan da za mu faɗa maka, kuma tun yau ka cire mita 10 ɗin nan daga lissafi, saboda kafaɗarka. Abin da ya ja hankalinmu a wasiƙarka shi ne, ɓangaren da ya hana ka barci shi kaɗai ne yake hannunka. Babu mai tunkuɗa ka daga kan dutse. A fitar da aka tsara da kyau kowane tsalle yana da hanyar kewayewa, ko a bi gefe da ƙafa ko a zura mutum da igiya. Abubuwan da suka fi cin mutane a wannan wasa kuwa ba ka ambaci ko ɗaya ba: miƙewa tsaye a ruwa mai gudu, sanyin ruwa, da ruwan saman da ya sauka can nesa inda idonka ba ya kaiwa.

Bari dai mu fara da tsallen, tunda shi ya tsaya maka a rai. Wanda ya diro daga mita 3 yana isa ruwa da gudun kusan kilomita 28 a awa. Daga mita 5 gudun ya kai 36, daga mita 10 kuwa kusan 50, kuma duk faɗuwar ba ta kai daƙiƙa ɗaya da rabi ba, don haka babu sukunin gyara kuskure a sama. A irin wannan gudu ruwa ba ya darewa sai ga abin da ya shige shi da tsini. Duk gaɓar da ta zo masa a baje, ji za ta yi kamar an maka mata katako.

Ga yadda ake yi. Ka tsaya yatsun ƙafarka a daidai bakin dutsen. Ka dubi wurin da jagora ya nuna sau ɗaya, sannan ka ɗaga ido ka kafa shi a kan dutsen da ke tsallake, daidai tsayin fuskarka. Ba a tahowa da gudu, domin dutsen a jiƙe yake, sau da yawa ma da gansakuka. Taku ɗaya ake yi mai ƙarfi zuwa gaba, kamar mai tsallake lambatu. Kana barin dutse ka haɗe ƙafafu, gwiwoyi a ɗan sake ba a sandare ba, hannaye a gicciye a ƙirji kowanne ya damƙi kafaɗar rigar ceto, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari. Baki a rufe, haƙora a haɗe, harshe a ciki. Kana shiga ruwa ka ɗan furzar da iska ta hanci. Sauran aikin na rigar ne, cikin daƙiƙa biyu ko uku za ta taso da kai. Da ka fito sai ka dafa saman hularka da hannun hagu, alamar lafiya lau ke nan, ka matsa gefe ka ba na baya wuri.

Kowane abu a nan da dalilinsa. Jiki kai yake bi: wanda ya sunkuya yana leƙen ruwa zai kifa, ƙirji da fuska su sha mari. Wanda ya tsorata ya ja baya zai sauka a zaune, kuma ita ce mafi munin sauka, don dukan yana shiga ta mazaunai ya haura ƙashin baya, ya danne gaɓoɓin da ke daidai inda haƙarƙari ya ƙare, har ɗaya ta iya tsagewa. Wanda ya karkata gefe ruwa ya mari kunnensa, dodon kunne na iya fashewa. Mai toshe hanci da yatsu kan naushi kansa. Mai buɗe hannaye kamar shaho kuwa, ruwa kan daki ƙarƙashin damtse ya fizge hannun sama da baya, kuma ta nan ne kafaɗa ke barin gurbinta. Wadda ta taɓa gocewa ta fi saurin sakewa, domin abubuwan da ke riƙe da ita sun riga sun saki. Masu tsalle mai tsayi suna amfani da hannu su daidaita jiki a sama, sai dab da ruwa su naɗe shi. Kai ba ka da wannan damar, dole hannunka ya kasance a gicciye tun daga kan dutse, kuma hakan yana tafiya daidai ne kawai a ƙaramin tsalle da bai kai daƙiƙa guda ba. Shi ya sa muka ce iyakarka mita 3. In ka yi biyu ko uku a jere suka fita tsaf, ka iya gwada 4. Kafin ranar kuma ka kai wa likitan ƙashi kafaɗar ya duba, ka gaya masa ainihin abin da za ka yi. In ya ce a'a, a'a ɗin ce.

Abin da ya fi tsayi haɗari shi ne rabin tsalle, wato mutum ya ɗaga ƙafa zuciya ta ce masa koma, ya yi ƙoƙarin kama dutse, sai ya zame ya bi jikin dutsen yana gogawa ya faɗa inda babu zurfi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In jagora ya ƙirga uku sau biyu ba ka tafi ba, ka ja da baya ka bi ta ƙasa, domin daɗewa a bakin dutse ba ya ƙara wa kowa ƙarfin hali, ƙafa ce kawai ke fara rawa.

Sai zurfi. Wurin da 'yan wasan Olamfik ke dira daga mita 10 zurfinsa kusan mita 5 ne, ruwa garau, ƙasa a shafe. Kogi ba haka yake ba. Gurbin da ya yi zurfi makon jiya, ruwan sama ɗaya ya isa ya cika shi da tsakuwa ko ya ajiye kututture a ciki. Jagoran kirki shi ke fara sauka ya nutsa ya duba a ranar, ya kuma nuna takamaiman wuri, wani lokaci ya jefa ƙaramin dutse ya ce nan. Mita ɗaya zuwa hagu na iya zama dutse. Babu shiga da ka, babu alkafura, ko da ka ga wani ya yi ya fito yana dariya.

To, yanzu ga inda muke so ka fi ba da hankali, wato kwanciyar da ruwa zai ɗauke ka. Rigingine ake yi, ƙafafu a gaba suna fuskantar inda ruwa ya nufa, kan takalma a saman ruwa inda za ka riƙa ganinsu, gwiwa a ɗan lanƙwashe don ka tokari dutse in ya taso. Ka ɗaga ƙugu sama. Wanda ya naɗe kamar mai zama a kujera mazaunansa ne za su riƙa bugun duwatsun ƙasa. Hannaye a gefe kusa da ƙugu kana ɗan tuƙi da su, kai musamman kada ka kai hannun dama bayan kai. In kana son zuwa gaɓar hagu, ka karkata kanka wajen hagu kamar rabin kwana, ka tuƙa baya, ruwan da kansa zai tura ka can.

Dokar da ta fi kowace: kada ka miƙe tsaye a ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa. Ta saɓa wa abin da jiki yake so, shi ya sa mutane ke karya ta. Mutum ya sha ruwa sau ɗaya, ya firgita, ya ji ƙasa kusa, sai ya sauke ƙafa yana neman tsayawa. Ƙafar ta shige tsakanin duwatsu biyu, ruwa ya tura gangar jikin gaba, ya kifa rub da ciki, idon sawu a maƙale, fuska a cikin ruwan da bai kai ƙugu ba. Ruwan da zai cika akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska nauyinsa kilo 1,000 ne, kuma in gudunsa ya ninka biyu, ƙarfin turinsa ninkawa huɗu yake yi. Ƙato ma ba ya iya ɗagowa daga wannan kifuwar da kansa, rigar ceto kuma ba ta hana ta. Saboda haka sai ka shiga inda ruwa ya lafa, ka ji bayanka ko hannunka na taɓa ƙasa, sannan ka juya ka fita da rarrafe.

Numfashi ma dabara ce. A inda igiyoyin ruwa ke jere, ana shaƙar iska ne a ƙasan kwarin da ke tsakaninsu, a rufe baki a kau da fuska gefe lokacin da ta gaba za ta rufe kai. Ƙananan shaƙa, ba babba ɗaya ba. Za ka sha ruwa, kowa na sha, tari biyu ne ya wuce. Wurin tsayawa kuma bayan manyan duwatsu ne ko cikin lungun gaɓa, inda ruwa ke kwanciya har ya ɗan juya baya. Ba a shiga nan a rigingine. Kana zuwa dab sai ka mirgina rub da ciki, kai a gaba, ka yi iyo da ƙarfi bugu biyar zuwa goma ka ƙetare layin da ya raba mai gudu da kwantacce. Wannan ɗan iyon shi ne dalilin da ya sa riga kaɗai ba ta isa.

Akwai tarko biyu da ya kamata ka gane da ido. Itacen da ya faɗi cikin kogi, da rassa da saiwoyin bakin gaɓa, kamar rariya suke: ruwa ya wuce, mutum ya maƙale. A nesa ake kauce musu. In kauce ta gagara, a nan ma ana juya doka: rub da ciki, kai a gaba, ka tunkare shi da ƙarfi ka ɗora ƙirji ka haye ta sama, domin in ƙafa ce a gaba ƙarƙashi za ta ja ka. Na biyu shi ne gindin wurin da ruwa ke zubowa daga tudu, inda yake naɗowa baya yana juya abu kamar injin wanki. Farar kumfar nan cike take da iska, don haka riga ba ta ɗaga mutum sosai a cikinta. Wanda ya faɗa sai ya dunƙule jiki wuri ɗaya, ruwan ƙasa ya fitar da shi, ko ya yi iyo zuwa gefe. Ƙananan madatsun da mutane suka gina sun fi na halitta muni, domin juyin nasu a miƙe yake daga gaɓa zuwa gaɓa, babu kafar fita.

In aka jefo maka igiya, igiyar za ka kama, ba jakar da ke bakinta ba, wadda ragowar igiyar ke cushe a cikinta, in ba haka ba sai sauran mita 15 ko 20 ɗin sun gama warwarewa kafin ka ji an riƙe ka. Ka koma rigingine, ka manna ta a ƙirji da hannu biyu gwiwar hannu a lanƙwashe, ta bi ta kan kafaɗa. Kada ka naɗe ta a wuyan hannu, kada ka ɗaura ta a jiki, don dole ka iya sakinta nan take in ta fara danna ka ƙasa. Ka kuma riƙe wannan: jagora ba ya nuna haɗari da hannu, inda za ka nufa yake nunawa. Busar usur ɗaya yawanci tana nufin ku dube ni, uku a jere kuma matsala ta faru, amma ka saurari bayanin safe don kowace tawaga da nata tsarin.

Iyonka a yadda yake bai isa ba, amma wata guda ya isa a gyara, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Hakin da kake yi a mita 25 galibi ba raunin hannu ba ne, riƙe numfashi ne. Ka riƙa zuwa wurin wanka mai ma'aikacin ceto sau biyu ko uku a mako. Ka koyi fitar da iska a cikin ruwa har ta zama jiki. Abin da muke so ka iya kafin ranar: mita 50 ba tsayawa, ko da iyon kwaɗo ne, wanda ma ya fi sauƙi ga kafaɗarka, kwanciya rigingine na minti biyu wani yana watsa maka ruwa a fuska ba ka zabura ba, mirginawa daga rigingine zuwa rub da ciki, bugu goma, ka koma, da dira daga baki a ɓangaren zurfi cikin tsayuwar da muka kwatanta. In saura mako guda ba ka iya waɗannan ba, ka nemi a ɗage maka rana. Ka sani kuma rigar da ake bayarwa a irin wannan wasa ta masu iyo ce, tana taimaka wa mai hankalinsa ya tsaya a sama, amma ba a yi ta don ta juyo da fuskar sumamme sama ba.

Batun sanyi ya danganta da kogin. Kwazazzabon Alcantara da ke Sisili a Italiya, kusa da dutsen Etna, ruwansa da sanyi yake ko a tsakiyar bazara, alhali kogunan yankin Pangandaran a tsibirin Java na Indunusiya, inda shi ma aka san shi da wannan wasa, ba su da wannan ɗarin. Ka tambayi awon sanyin naku. Wurin wanka kan kai digiri 27 ko kusa, kogin da ya fito daga tsaunuka kuwa sau da yawa bai kai 15 ba. Wanda ya faɗa irin wannan ruwa bagatatan, jikinsa yana zuƙar iska da ƙarfi ba da izininsa ba, in kan yana ƙasa a lokacin ruwa ya zuƙa ke nan. Haki ya biyo baya na minti ɗaya zuwa uku, bugun zuciya da hawan jini su tashi. Don haka shigar farko ba da tsalle ake yin ta ba. Ka taka a hankali, ka ja wuyan rigar roba, wato rigar da ke manne jiki da ake sawa saboda sanyi, ruwa ya shiga, ka jiƙa fuska da ƙeya, ka jira numfashi ya daidaita. Ruwa yana kwashe ɗumin jiki kusan sau 25 fiye da iska mai sanyi iri ɗaya, kuma hannu ne ke fara mutuwa. In ka kasa haɗa babban yatsa da ɗan ƙaramin, ko ka ga wani yana tuntuɓe yana magana a sarƙe, a gaya wa jagora. Karkarwar da ta tsaya alhali mutum bai ɗumama ba alama ce mummuna.

Kaya kuwa a gwada su sosai kafin a bar mota. Rigar roba mai kaurin milimita 5 ce ta ruwan sanyi, mai 3 ta matsakaici. Robarta ce ke tsare ɗumin jiki, tana kuma riƙe ɗan siririn ruwa a jikin fata ya ɗumama, don haka wadda ta yi maka yawa ba ta da amfani, ruwa zai riƙa shiga yana fita. Kada ka sa auduga a ciki. Rigar ceto daga maɗaurin ƙasa ake fara ɗaurewa a haura, sannan wani ya kama kafaɗunta ya ja sama. In ta kai kunne ta yi sako-sako, kuma a tsalle haɓarka za ta buga. Hular kwano ta sauko yatsa biyu saman gira, maɗaurinta ya bar wurin yatsa ɗaya a ƙarƙashin haɓa. Takalmi rufaffe mai igiya da tafin roba, ba silifas ba. Zobe a cire, don in ya maƙale a tsagar dutse da fatar yatsa yake tafiya. Tabarau ka ɗauki tsohon, ka ɗaure shi da madauri a ƙarƙashin hula, lokacin tsalle ka miƙa wa jagora ya sa a gwangwanin ajiyarsa. Waya a bar ta, mai riƙe da waya ba ya iya gicciye hannu.

Yanzu ga abin da babu ƙwarewar iyon da ke maganinsa. Ranar 27 ga Yulin 1999, hadari ya sauke ruwa a saman tsaunukan da ke kusa da Interlaken a Suwizalan, ambaliya ta biyo kwazazzabon Saxet ta ci mutum 21, masu yawon buɗe ido 18 da 'yan jagora 3. Ranar 20 ga Agustan 2018 irin haka ta faru a kwazazzabon Raganello da ke kudancin Italiya, mutum 10 suka rasu. Dalilin ɗaya ne: ruwan da ya sauka a kan faɗin tsaunuka duka ta matsattsiyar hanya ɗaya zai bi, kuma yana iya isowa alhali ku rana kuke gani a sama. Alamunsa su ne ruwa ya fara canja launi zuwa ja ko ƙasa-ƙasa, ganyaye da ƙirare su fara yawo, dutsen da ɗazu kake gani ya nutse, ko a ji rugugi daga sama kamar babbar mota na tahowa. In haka ta faru sama ake hawa, ta gefen da ya fi kusa, a yar da jaka. Ba a tsere wa ambaliya ta bin hanyarta. Inda kuma akwai madatsar ruwa a sama, sakin ruwa na iya yin wannan aikin ko da babu ɗigon hadari.

Wannan ne ya sa zaɓen masu jagora ya fi komai, kuma waya ɗaya ta isa ka auna su. Ka tambaye su wane irin yanayi ne ke sa su soke fita, wa ke yanke hukuncin, kuma suna mayar da kuɗi ko sauya rana. Kamfanin da ya ce bai taɓa sokewa ba, ka tsorata da shi. Ka tambaya ko kowane tsalle yana da hanyar kewayewa, da wurare nawa ake iya fita daga kwazazzabon in abu ya faru a tsakiya. Ka tambayi matakin ruwan: ana auna ƙarfin kogi daga mataki na 1 zuwa na 6, kuma mai irin iyonka da zai bi da jikinsa bai kamata ya wuce na 2 ba. 'Yan jagora nawa ne? A ganinmu tawagar mutum bakwai ko takwas tana buƙatar biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Suna da takardar horo kan ceto a ruwa mai gudu da taimakon gaggawa? Da me suke kiran agaji, tunda waya kan rasa sabis a cikin kwazazzabo? In kana da inshora ka karanta ta, da yawa suna cire irin wannan wasa. Wanda ya san aikinsa zai amsa duk wannan ba gargada. Wanda ya ce kada ka damu, ai kowa ma yana iyawa, to ka nemi kuɗinka.

Yaron kuwa, shawararmu ka bar shi wannan karon. Hanyar da aka tsara wa manya da tsallen mita 10 ba tasa ba ce. Yara sun fi saurin yin sanyi, ba kowane kamfani ke da riga da hula daidai su ba, kuma ɗan shekara 12 a gaban abokan babansa zai dira daga inda bai kamata ba don a ce ya iya. Ga kuma wani abu: uban da shi kansa yake koyo, in ya ga ɗansa ya nutse na daƙiƙa biyu zai manta da duk abin da aka faɗa masa ya bi shi, jagora ya tashi da mutum biyu a hannu. Ka tafi da shi wurin wanka ku yi atisayen tare, in ka dawo ka ga yadda abin yake, ku nemi gajeriyar hanya ta iyali, a ba shi riga mai madauri ta tsakanin cinyoyi, a sa shi a bayan jagora.

Kunya kuma maganinta a riga ta magana. Tun kafin ranar ka gaya wa abokan naka cewa kafaɗarka ta taɓa gocewa, iyakarka mita 3. Abin da aka faɗa a ofis ba ya zama abin tsiya a kan dutse. Da safe ka ja jagora gefe ka gaya masa batun kafaɗar da iyon, ka kuma rubuta gaskiya a takardar da za a ba ka. Zai sa ka kusa da shi, ba mamaki ma ka waiwaya a babban tsallen ka ga mutum biyu sun biyo ka ta ƙasa. In a cikin tawagar akwai mai ciwon zuciya, farfaɗiya, ciwon baya mai tsanani, ko mai juna biyu, wannan fitar ba tasu ba ce. Mai asma ya ba jagora abin shaƙarsa ya riƙe. Ka ci abu marar nauyi awa biyu kafin shiga, ka guji maganin da ke sa barci.

In wani ya fito daga tsalle yana kukan baya ko wuya, ko ya ce ƙafarsa na masa tsiris-tsiris, ba a ce masa daure ka tashi, a bar shi a kwance jagora ya karɓi ragama. Wanda ya shaƙi ruwa sosai kuma tari ko haki ya ƙi tsayawa bayan awa ɗaya ko biyu, asibiti za a kai shi a ranar. Ka wanke duk ƙurjewar da ka samu da sabulu da ruwa mai tsabta. In kogin a ƙasa mai zafi yake inda akwai tsargiya, ka yi gwaji bayan wata biyu zuwa uku ko da ba ka ga jini a fitsari ba. Sannan akwai cutar fitsarin ɓera da dabbobi, wadda likitoci ke kira leptosfirosis, tana shiga ta rauni ko ido ko baki, ta fi yawa bayan ruwan sama mai ƙarfi, kuma tana iya bayyana daga kwana 2 har zuwa 30. Zazzaɓi take kawowa da ciwon kai, ciwon sharaɓa da jan ido, shi ya sa ake ɗaukarta a matsayin zazzaɓin cizon sauro ko mura. Tana jin magani in an fara da wuri, amma likita ba zai yi tunaninta ba sai ka gaya masa da bakinka cewa ka shiga kogi, ka kuma faɗa masa ranar.